Ba a Fafe Gora Ranar Karɓar Masta

Tun ranar da na furta a fadarmu ta bakin titin Bande cewa digirin masta daban, izinin aiki daban, ban ƙara shan shayi da daɗin rai ba. Na farko mai ɗaci ake miƙo mini, in an zo na uku mai zaƙi sai kofi ya tsallake ni. Wai hassada ce ke cina, tunda ni ban taɓa hawa jirgi ba, iyakar tafiyata Damagaram in na yi arewa, Babura in na yi kudu. Na ji. A baki kun fi ni yawa, shi ya sa na dawo muku da alƙalami. Ku gyara zama.

Gida biyu kuka kasu, kuma kowane gida ya rantse shi ne mai gaskiya. Na farko su ne masu cewa yaro in ya gama masta a Turai, Nasara da kansa zai riƙe masa ƙafa kada ya tafi. Na biyu su ne masu taɓe baki, wai duk tatsuniya ce, ɗan Nijar ba shi da rabo a can sai wankin kwanoni. Ku duka biyun ku matso, buta ɗaya za ta ishe ku.

Baba mai rake, da kai zan fara, don kai ne ka fi ɗaga murya. Ka ce za ka jinginar da fadamarka ta Korama ka tura ƙaramin ɗanka Faransa, in ya gama ya zauna can yana aiko maka da kuɗin Turawa har ka ga jikokin jikoki. Allah ya cika buri, Baba. Amma ka san abin da Faransa take ba wanda ya gama masta a jami'o'inta? Katin zama na neman aiki ko kafa sana'a, wanda ya fara aiki a Maris na 2019. Wata 12 ne wa'adinsa, kuma ba a sabunta shi. Cikin shekarar nan guda sai yaro ya samo aikin da ya dace da abin da ya karanta, albashin kuma ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar sau ɗaya da rabi, sannan a sauya masa takarda zuwa ta ma'aikaci. Wato in ya karanta ilimin ruwa ya ɓuge da gadin kanti, hukuma ba za ta lissafa masa wannan ba. Kai da kake ba da aron gona, ka taɓa barin wanda ka ara wa damina ɗaya ya dasa mangwaro a ciki? To, su ma haka suke ji da ƙasarsu.

Na ga ka gyara hula kana cewa ai doka doka ce, in sun rubuta sun rubuta. A'a, Baba, tasu dokar ma tana bin iska. Ranar 31 ga Mayu 2011 ministan cikin gidan Faransa, Claude Guéant, ya fitar da wata takardar umarni da ta ƙuntata wa baƙin ɗalibai hanyar komawa ma'aikata. Masu manyan digiri suka yi ta karɓar takardar ku-fita. Da mulki ya sauya, aka soke ta ranar 31 ga Mayu 2012, shekara ɗaya cif. Wanda ya gama karatu tsakanin ranakun nan biyu, laifinsa kawai kalanda. Mu kuwa mun ga namu da idonmu: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a Janairu 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, balle in an ja ƙyauren.

Yanzu kai, ƙanena mai kabu-kabu, da wayarka mai fasasshen gilashi. Kullum kana nuna mana hoton wani a Facebook ya sa rigar sanyi ya jingina da motar da ba tasa ba, kana cewa Kanada ita ce aljannar duniya. Ban ƙaryata ka duka ba, don kuwa Kanada ta fi sakin hannu. Tun 15 ga Fabrairu 2024, wanda ya gama masta a can yana iya samun izinin aiki na shekara 3, ko da karatun bai kai shekara 2 ba, muddin ya kai wata 8. Amma ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, ko kuwa hoton kawai ka tsaya kallo? Makarantar sai ta kasance cikin waɗanda hukuma ta amince karatunsu yana kai mutum ga wannan izini. Kwana 180 gare ka ka nema bayan an tabbatar ka kammala. Sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa. Kuma tun 1 ga Nuwamba 2024 sai ka kawo sakamakon jarrabawar harshe, Ingilishi ko Faransanci, mataki na 7. Ka ji abin dariya? Kai da Mushe, malamin aji, ya dinga zane ka tun ajin farko saboda Faransanci, sai ka sake biyan kuɗi ka zauna ka tabbatar wa Bature cewa kana jin Faransancin. Amma kada ka raina wannan bulalar, ta zame maka jari: Kanada tana neman masu Faransanci ruwa a jallo, har a wajen Kebek. Nan ɗaya ne muka sha gaban abokan wasanmu Kanawa, sai su yi haƙuri.

Su Kanawan kuwa Ingila suka sa a gaba, kuma nasu labarin ya isa darasi. Ingila ta rufe hanyar aiki bayan karatu a 2012, ta sake buɗe ta ranar 1 ga Yuli 2021: shekara 2 ga mai digirin farko ko masta, shekara 3 ga mai dakta. Jama'a suka yi ɗango, wasu har da sayar da gida. A Janairu 2024 aka ce mai masta ta aji, wadda ba ta bincike ba, ba zai ƙara tahowa da iyali ba. Sai kuma aka sanar cewa daga 1 ga Janairu 2027 shekara 2 ɗin za ta koma wata 18. Wanda ya lissafa ribarsa da tsohon mudu, sai ya iske an rage bakin mudun.

Kawu, na ga kana murmushi, kana cewa ka faɗa musu tun farko, duk ƙarya ce. Sannu da hikima, amma kai ma ba ka tsira ba. In ƙarya ce, me ya sa Jamus take ba wanda ya gama jami'arta wata 18 ya nemi aiki, kuma cikin watannin nan ya halatta ya yi kowane irin aiki don ya ci abinci? Me ya sa Amurka take ba da wata 12 na aiki a fannin da mutum ya karanta, ta ƙara wata 24 ga masu kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi? Ƙofa tana nan, Kawu, sai dai akwai agogo rataye a bakinta. A Amurkar, in ka tara fiye da kwana 90 ba ka da aiki cikin shekarar farko, takardarka ta lalace. Bayan nan kuma sai bizar ƙwararrun ma'aikata, wadda guda 85,000 ake bayarwa ta hannun kamfanoni a shekara, 20,000 daga ciki na masu masta ko sama daga jami'o'in ƙasar, masu nema kuwa sun ninka haka. Ba a hana kowa nema ba, ba a kuma yi wa kowa alkawari ba. Kai da kake zuwa cirani tun kana saurayi, ka taɓa jin garin da ya rubuta maka cewa lalle za ka dawo da buhun gero?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, duk wannan gardama a kan ƙasashen ƙanƙara muke yi, alhali yaranmu da yawa Kano da Zariya da Sakkwato suke karatun, jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo. Su kuma ƴan Najeriya suna tsallakowa Maraɗi. Da na tambaya a fada ko wanda ya gama masta a Kano yana buƙatar takarda kafin ya kama aikin ofis a can, sai kuka fashe da dariya. Wai takardar me, ai kakata ƴar Ɓaɓɓan Mutum ce, mu da su uwa ɗaya uba ɗaya. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai tare ka a kasuwar Maigatari ya tambaye ka fasfo kafin ya saya maka rago. Amma banki da jami'a da asibiti ba su ɗaukar ma'aikaci da sunan kaka. Yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza na kwana 90, zama mai tsawo kuwa sai da katin zama. Ga shi ma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardunmu da barin mu zirga-zirga har sai an ji sabon bayani. Kun ji kalmar: har sai an ji. Kayan aro ba ya rufe katara.

Inna, ke ce kaɗai kika yi tambayar hankali, da kika leƙo ta kan darni kika ce to in yaron ya dawo gida fa? Nan ma takarda tana jiransa. Digirin da aka samo a waje sai an kai shi ma'aikatar ilimi mai zurfi an auna shi da namu kafin ya shiga gasar neman aikin gwamnati, ga kuma hidimar ƙasa. In kuwa da tallafin hukumar ANAB ya yi karatun, ai kin san karin maganar: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba wai ina cewa kowa ya dawo ba ne. Cewa nake yi dawowar ma ba faɗuwa ba ce. Jami'ar André Salifou tana nan Damagaram, kuma wanda ya karanci noma ko ruwa ko lafiya ba zai rasa abin dubawa tsakanin Bande da Magarya da Dungas ba. Faransa ma ta bar wata ƴar taga: wanda ya koma gida bayan masta yana da damar neman wancan katin na wata 12 cikin shekara 4 da karɓar digirinsa.

To, me nake so ku riƙe bayan duk wannan tsiya da na yi muku? Tambaya huɗu, kuma a yi su tun kafin a biya ko dala ta kuɗin makaranta. Makarantar nan, karatunta yana kai mutum ga izinin aiki ko kuwa gini ne kawai mai kyau a hoto? Izinin na wata nawa ne? Cikin kwana nawa ake nemansa bayan kammalawa? In ya ƙare, wace takarda ce ke biye, kuma albashi nawa take buƙata? Amsar tana shafin intanet na hukumar shige da fice ta ƙasar, kyauta, da kwanan watan da aka sauya ta. Ba ta wurin dillalin da ya ce a tura masa jikka ɗari ta waya ya gyara komai.

Baba mai rake, kada ka sa hannu a takardar jinginar fadamar nan sai ɗanka ya zauna gabanka ya amsa maka huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, da baki da takarda. In ya amsa, ka sa masa albarka ya tafi. In ya fara sosa ƙeya, ka miƙa masa adda, rake ya isa sara. Ni kuma gobe da la'asar ina nan tafe fada, a ajiye mini shayi na uku.