Nazari a Kan Tara Gawarwakin Gem a Ƙasar Urafane

Abin da ake nufi da gem na hannu, a ma'anar da za a bi a wannan nazari, shi ne ƙaramin akwatin roba mai gilashi a sama da maɓallai a ƙasa, wanda ake ɗura wa batir, ko pil kamar yadda ake cewa a ƙasar Urafane, domin mutum ya zauna shi kaɗai yana fafatawa da na'urar da ba ta gajiya kuma ba ta jin nauyin kayar da babba. Tarihin irin wannan kaya ba ya cika sai an ambaci kamfanin Nintendo na Japan, wanda a 1980 ya fitar da Game & Watch, ƙirar injiniya Gunpei Yokoi, wanda aka ce dabarar ta faɗo masa ne a cikin jirgin ƙasa da ya ga wani fasinja yana latse-latsen na'urar lissafi don ɗebe kewa. A 1989 kamfanin ya biyo da Game Boy, mai cin batir huɗu, wanda a kasuwar Amurka aka haɗa shi da Tetris, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, inda siffofi iri bakwai, kowace mai gida huɗu, suke faɗowa daga sama, mai wasa kuwa yana juya su yana jerawa, duk layin da ya cika ya ɓace.

Sai dai Game Boy kayan masu hali ne, musamman bayan watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Abin da ya isa hannun yaran karkara irin na Urafane, gundumar da ke arewa da Tasawa, shi ne ɗan'uwansa mai arha ƙirar Sin, Brick Game, wanda aka rubuta wa "9999 in 1" a goshi, wato alkawarin wasanni dubu goma ba ɗaya a cikin akwatin da bai fi tafin hannu ba. Ƴan cirani ne suke zuwa da shi daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta Jibiya da Ɗan Isa da Maraɗi, a cikin jaka ɗaya da atamfar Inna da turaren Baba, gab da faɗuwar damina. Batir biyu yake ci, kuma a kan waɗannan biyun aka gina ilimi mai zaman kansa: akwai masu shanya batir a rana, akwai masu cizonsa da haƙori har ya lotsa, akwai kuma masu ra'ayin cewa hanya mafi sauƙi ita ce a ari na tocilan ɗin gida bayan sallar isha, a mayar kafin asuba. Ƙa'idar karɓa-karɓa guda ce, "in ka mutu ka ba ni", jimlar da ta sha firgita tsofaffin da suka ji ta ta bayan zana ba su san kan zancen ba.

Mai wannan nazari, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya yi ƙuruciyarsa a waccan ƙasa kuma bai taɓa mallakar gem nasa na kansa ba, ya yanke shawarar tara waɗannan kayayyaki bayan ya ga a intanet cewa a Turai da Japan akwai masu adana su a cikin kabad na gilashi tare da kwalayensu na asali. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma shi ya fi son a kira abin da ya same shi kishin tarihi. Kuskurensa na farko, wanda ya kamata duk mai shirin irin wannan aiki ya kiyaye, shi ne zaton cewa kaya suna tsufa a Urafane kamar yadda suke tsufa a Tokiyo. A nan abu ba ya zama a kabad har ya tsufa: ana amfani da shi har ya mutu, sannan a raba gadonsa, murfin batir ya tafi wani gida, ƙaramar lasifikar ta koma jikin wata rediyo, wayoyin su zama na ɗaure tabarau.

Bayan hutu guda na yawo a kan kabu-kabu, wato babur na haya, daga ƙauyukan Urafane har zuwa gefen Mayahi, abin da ya samu bai wuce gawa uku ba. Ta farko a ƙasan akwatin yayarsa ta fito, an ɗaure ta da robar tayar keke, batir ɗin da aka manta a ciki tun zamanin aurenta ya zubar da ruwansa ya cinye ƙarafan da yake taɓawa, domin batir mai arha, idan ya daɗe, gishirin da ke cikinsa yakan huda kwanonsa na zinki ya fito. Ta biyu ba ta da maɓalli ko ɗaya, wani jariri da yanzu yake da ƴaƴa uku ya yi fitar haƙori a kanta. Ta uku kuwa lafiyayya ce a ido, sai dai gilashinta ya tsage, baƙin tabo ya malale a cikinsa kamar an zubar da tawada, kuma wannan tabo shi ne mafarin masifar da ta biyo baya.

A nan wajibi ne a yi bayanin taubashi, wato ɗan kawu ko ɗan gwaggo, wanda al'ada ta ba izinin tsokanar mutum ba tare da an kai ƙara ko'ina ba. Taubashin mai nazarin, da aka tambaye shi a fada, inda samari suke taruwa shan shayi, abin da ya sa mai albashi yake bin gidaje yana sayen shara, sai ya rage murya ya ce ai jar zaiba ce a ciki, masu kuɗin Kano ne suka turo shi. Jar zaiba wani sinadari ne da ba a taɓa tabbatar da samuwarsa ba, amma jita-jitarsa ta zagaya duniya, har a 2009 ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da kuɗi masu yawa. Baƙin tabon nan, wanda a haƙiƙa ruwan da ke tsakanin fallayen gilashi biyu ne, shi da yake nuna hoto idan lantarki ya ratsa shi, ya zama hujjar da ba ta buƙatar shaida. Kafin kasuwa ta sake ci, gem ɗin da ake bayarwa a kan goro ya kai jika goma, wato sefa 10,000, kuma wani dattijo ya yi tattaki daga nesa da na'urar lissafi marar lamba bakwai, ya rantse cewa ita ce uwarsu duka. Duk bayanin da mai nazarin ya yi game da Yokoi da Pajitnov ƙara tabbatar wa jama'a ya yi cewa waɗannan su ne sunayen masu sayen.

Ya kwashi gawarwakin uku ya kai wa wani mai gyaran rediyo a Tasawa, wanda ya jujjuya su a hannu ya ce, "Mushe, waɗannan ai sallah ya kamata a yi musu." Duk da haka mutumin gwani ne: ya ɗauki allon ciki na ɗaya, gilashin ta biyu, maɓallan ta uku, ya kankare tsatsa da reza, ya goga bakin fensir a ƙasan robar maɓallan, domin baƙin fensir yana ɗaukar lantarki, ya maye gurbin murfin batir da guntun kwalin shayi. Da aka sa pil, na'urar ta saki wannan siririn kiɗa nata mai kama da kukan sauro a kunne, mai nazarin kuwa, bisa shaidar waɗanda suke wurin, ya juya baya yana cewa ƙurar hunturu ce ta shiga masa ido.

An shirya baje kolin gem ɗin da aka gyara ne a ƙofar gidan kawunsa, tsohon magini wanda ya yi shekaru yana jera tubali, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya, kuma gwanin dara, wasan da ake yi a ramukan yashi inda jera uku a layi yake ba mutum damar cin ɗan abokin karawarsa. Mai nazarin ya yi tsammanin wannan kamanci zai sa tsohon ya fahimci wasan irin Tetris da ke cikin gem ɗin da sauri, kuma ya fahimta fiye da yadda ake so. Ya kalla na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To ɗana, wannan wane irin gini ne, in ka jera daidai ya ɓace, in ka ɓata ya tsaya yana kallonka? Wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa biyan lebura ba." Babu abin da aka rubuta game da Tetris, a iya karatun mai nazarin, da ya kai wannan hukunci daidaito.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Da mai nazarin ya karɓi gem ɗin, idon da yana yaro ya ga ɗigo-ɗigon gilashin sarai a hasken fitilar kwai yanzu sai da tabarau, babban yatsa kuma ya koyi nawa a wajen riƙe alli, saboda haka ginin ya kai rufi kafin shayin farko ya nuna. Wani jikan kawun, yaron da ya tashi a zamanin da har macijin Nokia 3310 ya zama labarin tsofaffi, ya karɓa bisa tsohuwar ƙa'ida, ya ninka makin sau da yawa da hannu ɗaya, ya mayar yana tambaya ko ba ya shiga WhatsApp. A daren ne mai nazarin ya zauna ƙidayar wasanni 9999 ɗin nan, aikin da tun yana yaro ya ƙudura, ya tarar da cewa bayan jera bulo da tseren mota da harbin tanka da maciji da ƴan kaɗan makamantansu, sauran duk su ne suke dawowa da sabuwar lamba da ƙarin gudu, kamar ɗan kasuwar da ya canza hula ya sake shiga layin rabo. Ya tsaya a lamba ta ɗari biyu da wani abu, da batir ya fara dushewa.

Washegari aiki ya kira shi Maraɗi na kwana uku, ya bar gem ɗin a hannun kawun, a matsayinsa na mutumin da ya fi kowa raina shi, don haka ya fi kowa cancantar amana. Da ya dawo ya tarar da kayan a cikin kwanon sha, an rufe da faifai, kowane sashe daban, gilashin kuma an fasa shi gida biyu da wuƙar aski. Kawun ya bayyana cewa ya yi haka ne don kada mutanen Kano su cuci ɗan ƴar'uwarsa, ya tara shaidu huɗu har da taubashin, an duba sosai, babu zaiba ja ko fara, kuma ya riga ya sanar a masallaci domin mutane su daina damun yaron. Batir biyun kuwa, da yake ba su da laifi, ya shanya su a rana ya sa a tocilan, ya ce har yanzu da sauran ƙarfinsu.