Ɓeran Masar da kuɗin cefane

A Bauchi yaro ne ke sayo ɓeran Masar, uba ne ke kiwonsa. "Baba, ciyawa kawai yake ci," in ji yaron. Ashe jikin ɓeran ba ya samar da bitamin C, dole a riƙa nemo masa tattasai da kabeji daga kasuwar Muda Lawal. Haƙoransa ba sa daina tsiro, don haka bakin ba ya hutawa. Zafin Afrilu na iya kashe shi, sai maigida ya sakar masa inuwarsa. In akwai mace, bayan wata biyu da 'yan kwanaki an ƙaru.

A Peru, yankin asalinsa, gasa shi ake yi. Baba ya fara tambayar irin yajin da suke sakawa.