Alhaji, waifarka ta mutu tun hunturu

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Ga tsadar mai, ga ramuka a hanya, amma a rasa abin magana sai robar share gilashi? To ku yi haƙuri, masu a-kori-kura, yau da ku nake, musamman kai Alhajin da kake gyara zaman hula kana cewa taka waifar lafiyarta ƙalau. Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da kunna ta? Tun ruwan ƙarshe na watan Satumba, ko na yi maka ƙarya?

Abin da ba kwa son ji shi ne, ba ruwan sama ke kashe waifa ba, rana ce. Robar nan tana kwance a kan gilashi tun daga kaka har bazara, ƙurar hunturu tana cusa kai ƙarƙashinta, zafin Maris da Afrilu yana gasa ta. Sai ta bushe, ta yi tauri, bakinta ya tsattsage. Ran da hadari ya tare ka a hanyar Zariya ka kunna, sai ka ji tana kuka ƙiii ƙiii, tana tsalle, tana shafa maka laka daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ya sa masu ƙera ta suke cewa a sauya ta duk wata 6 zuwa shekara guda.

"Ai so suke su sayar," in ji Alhaji. Ƙwarai kuwa, so suke. Mai gilashi ma so yake ya sayar, kuma kuɗinsa ya ninka na roba nesa ba kusa ba. Da zarar robar ta zare, ƙarfe ne zai riƙa karce gilashin, ya bar maka zane mai lanƙwasa daidai saitin idonka, wanda fitilar kowace tirela za ta haska maka da daddare.

Ga oga direba can yana murmushi, wai su da suka ja Fijo 404 da tsumma kawai, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waje ta taga, wa zai koya musu tuƙin damina? Oga, Allah ya ja da ranka, amma an riga ka. Wata mata 'yar jihar Alabama a Amurka, Mary Anderson, ta ga direban jirgin ƙasan cikin gari a New York yana fama da ƙanƙara a kan gilashi da hannunsa, ta koma gida ta tsara na'urar da za ta hutar da shi, aka ba ta takardar mallakar fasahar a 1903. Fiye da shekara 120 ke nan da mace ta raba ka da tsumma, kai ne ka ƙi saki.

Sai masu cewa wannan aikin bakanike ne. Haba malam! Kai da kake kwance tayar Hilux a tsakiyar daji ɗauke da buhunan masara? Ko sifana ba a nema. Ka ɗaga ƙarfen waifar har ya tsaya da kansa. A yawancin a-kori-kurar da ke kan hanyoyinmu, bakin ƙarfen a lanƙwashe yake, ƙugiya ce. A ƙarƙashinta akwai ɗan harshe na filastik. Ka danna shi, ka ja waifar ƙasa wajen gindin ƙarfen, za ta fita. Ka zura sabuwar cikin ƙugiyar, ka ja ta sama har ka ji ƙas. Shi ke nan.

Wuri ɗaya ne ake kuka, kuma a nan nake so ku kasa kunne. Ƙarfen nan yana da sifirin mai ƙarfi. Idan ka cire tsohuwar waifa ka bar shi tsirara a tsaye, ka juya kana amsa waya, iska ko gwiwar hannunka ta taɓa shi, zai dawo ya daki gilashi, ka ji tas. Ka shimfiɗa tawul ko kwali a kan gilashin tun kafin ka fara, kuma ka gama ɗaya kafin ka taɓa ɗayar. Sannan don Allah, idan sabuwar ta zo da rigar filastik a bakin robarta, a zare. Na san mu da son barin leda a kujerar sabuwar mota har shekara ta zagayo, amma wannan ledar ba ta share ruwa.

Kada kuma ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ka ce "a ba ni waifa biyu" kawai. A motoci da yawa ba tsawonsu ɗaya ba, ta ɓangaren direba ta fi tsayi, kuma da inci ake auna su. Ka sa doguwa inda gajera take, su riƙa karo da juna a tsakiyar gilashi kamar kishiyoyi a ƙofar madafa. Ka tafi da tsofaffin a hannu a gwada, ka lanƙwasa robar sabuwar da yatsa ka ji tana da laushi, domin wadda ta shekara a rana gaban shago ta riga ta tsufa ko da tana cikin kwalinta.

Shi kuwa mai kunna waifa a kan busasshiyar ƙura da safe don ƙyuyar ɗebo ruwa, yashi yake goga wa gilashinsa da robarsa gaba ɗaya. A cika tankin ruwan feshi, a daina zuba masa garin sabulun wanki, yana toshe 'yan ramukan.

Alhaji, ba na neman ka yarda da ni. Gobe da safe ka watsa ruwa buta ɗaya a gilashin, ka shiga ka kunna. Idan ka ga titi tas, ka ci gaba da dariya. Idan ba ka gani ba, ka sauya kafin watan Mayu.