Magajin Garin Da Ba Shi Da Abokin Hamayya

Wasan Suburbia, wanda Ba'amurke Ted Alspach ya fitar a shekarar 2012, wasan allo ne na gina birni, inda ɗan wasa yake sayen ƙananan kwalaye masu kusurwa shida, kowanne yana wakiltar unguwa ko masana'anta ko filin jirgin sama, sannan ya jera su a kan tebur. Abubuwa biyu ake aunawa: kuɗin shiga, da kuma martaba, wato farin jinin da yake jawo jama'a su tare a garin, kuma duk sa'ad da yawan jama'a ya tsallake wani jan layi, sai duka biyun su ragu, abin da magadan gari na gaske suka daɗe da sani.

Abin nazari a nan shi ne mai buga wasan shi kaɗai, wanda ya zama magajin gari da majalisa da 'yan adawa a zama ɗaya, har yakan kafa masana'anta a jikin gidajen jama'a, ya yi tir da wannan aika-aika, sannan ya wanke kansa ba tare da kwamitin bincike ba. Domin rage masa kaɗaici, dokokin sun tanadi abokin karawa na ƙirƙira mai suna Dale, wanda ba shi da hannu balle tunani, don haka ɗan wasan ne yake ɗaukar masa kwali, ya jera masa, ya ƙirga masa maki. Idan Dale ya yi nasara, ba a samun wanda za a zarga da maguɗi sai mai ƙidayar.