Lafiyarta Ƙalau, Baya ce Kawai Ba Ta Yi

Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, motar Kwatano ta koma sai mai ƙashin arziki. Wadda za ta zo ta Lome sai ta ratsa Burkina cikin ayarin da sojoji ke wa rakiya, ta kwana nan ta yini can, kafin ta iso Maradi kuɗinta ya haihu har ya yi jikoki. Amma sha'awar kaɗa makulli a yatsa ba ta san an rufe iyaka ba. Shi ya sa kasuwar wasu motoci ta buɗe, irin waɗanda da can ko kaji sai sun yi shawara kafin su kwana a ciki.

Abin da ke ba ni mamaki, dillalan ba sa ma ɓoye komai. Mutum zai dafa motar, ya dube ka ido cikin ido ya ce: "Alhaji, tsakani da Allah, inji sabo ne fil. Buwat ce kawai take ɗan gardama, baya ce ba ta yi. Ƙaramin gyara ne." Wallahi ya fita haƙƙinka. Sai dai kunnen mai saye ya toshe tun daga kalmar farko, don duk rayuwarsa ba a taɓa kiransa Alhaji ba sai yau. Daga nan kuma a ƙara masa da tarihin motar: wata tsohuwar baturiya ce ta hau ta a Beljiyam, coci kawai take zuwa. Da za a ƙirga motocin tsohuwar nan da ke yawo tsakanin Sabon Gari da Bagalam, da an gane ta fi duk Alhazawan Maradi dukiya.

Wani maƙwabcina ya sayi irinta, Corolla otomatik. Ya kai bakanike ya duba, gaskiya ne, amma bakaniken da dillali ya nuna masa. Yaro ya buɗe gaba, ya saurara, ya daki taya da ƙafa, ya ce ai wannan sai dai a gaji da ita. Ba wanda ya zaro sandar man buwat, wato akwatin giya, ya duba. Lafiyayyen man ja yake, garau. Nata kuwa baƙi ƙirin, yana ƙaurin tuwon da ya kama tukunya. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa kullum ake tarar da motar an riga an tayar da ita ta yi zafi. Buwat mai ciwo da sanyin safiya take tona asirin kanta: ka sa giya, ka taka, inji ya yi ta kururuwa, mota tana tsaye tana tunanin duniya, sai can ta zabura.

To rayuwa da motar da ba ta baya ilimi ce mai zaman kanta. Maƙwabcina ya zama masanin taswirar gari. Ba ya shiga lungun da bai san mafitarsa ba. Ranar Juma'a shi ne na ƙarshen zuwa masallaci, ya ajiye ta can nesa a bakin hanya, har mutane na yaba tawali'unsa. Ƙofar gidansa in ya wuce ta da taku biyar, sai ya zagaya unguwa ya sake gaisawa da kowa. Ranar da aka yi ɗaurin aure a Tibiri, kusa da fadar Sarkin Gobir, wani ya zo ya toshe masa gaba da Hilux. An shafa fatiha, an raba goro, an watse, shi yana tsaye cikin shadda mai sitaci yana amsa waya da ba wanda ya kira, har mai Hilux ya gama cin shinkafarsa.

Da a ce mai giyar hannu ce da sauƙi, yaran unguwa su tura ta tashi, a ba su dala ashirin-ashirin. Otomatik ba ta tashi da turi. Ga yashin Maradi, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kuma zafi shi ne babban makashin buwat. Da Hajiyarsa ta aike shi Jiratawa ya sayo zogale mai araha a lambunan noman rani, zuwa lafiya lau, ya cika bayan mota da ganye. A dawowa ne, wajen wani ɗan hawa, motar ta ce ita fa iyakarta ke nan. Amalanken shanu ya jawo su zuwa bakin kwalta, mai amalanken na ta ba shi haƙuri cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, riƙe sitiyari da kyau, shanun ba su saba da jan manya ba." Zogale ya iso gida a bushe, a kan farashin da ya fi na naman rago.

Sai zaman gareji. Can ne ake cinye arahar da aka samu, loma-loma. Yau a canza mai, gobe a ce filta ce, jibi a ce sai an sauke buwat ɗin gaba ɗaya. An sauke, an baje ta a kan buhu, ƙananan ƙarafa sun fi ɗari, maigidan gareji ya dafa haɓa ya ce sai dai a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo wata. Wadda za a sayo ɗin ma ta hannu ce, daga jikin wata motar aka ciro ta, Allah kaɗai ya san abin da ya kashe uwarta. In ka haɗa kuɗinta da na hanya ta Ɗan Isa da Jibiya, da ladan aiki, da kuɗin kabu-kabun da kake hawa kullum zuwa duba marar lafiya, za ka ga ka biya kuɗin lafiyayyar mota, sai dai ba a ba ka ita ba.

Ni a ganina mutum biyu ne kaɗai ya halatta su sayi irin wannan mota: bakaniken da zai gyara da hannunsa, da wanda ya riga ya ji farashin wata buwat daga bakin da ba na dillali ba, ya cire shi daga kuɗin ciniki, ya kuma je ya tayar da motar da kansa bayan sallar asuba. Sauranmu ba don tafiya muke saye ba, don a gani ne. Araha ba ta ado, in ji magabata, amma ba su ga Corolla da aka wanke aka goge aka ajiye a ƙofar gida ba.

Kuma ana gani ɗin. Shekaranjiya surukansa suka aiko daga Tibiri, wai a cikin dangi shi ne mai mota, shi zai ɗauko amarya ranar Asabar. Ya ce ba komai, Allah ya kai mu. Yanzu haka ya tura yaro ya dubo masa ko lungun gidan ango yana ɓullewa.