Jan Bik Bai San Sallama Ba

Yaron da zai tsaya a kasuwar Tasawa ya ja cinikin akuya tun hantsi har azahar, ya kawo hujja, ya jefa karin magana, ya sa dillali rantsuwa, shi ne za ka tarar a aji ya ƙura wa farar takarda ido yana tauna murfin bik. Magana na nan cike da bakinsa, sai dai Mushe, wato malamin ajin, ya ce irin wadda ya zo da ita daga gida ba ta shiga kaye.

Abin da lakwal ke fara yanke wa yaro shi ne gaisuwa. A Kanambakashe ko Korgom, wanda ya faɗa cikin zance ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya mutan gida, sai a tambayi ɗan gidan wa ne. A takardar jarrabawa kuwa wannan rashin kunyar ake ba maki, har an raɗa mata suna mai daɗi, wai gabatarwa. Ko lissafi bai ƙyale shi ba. Kuɗin da ya tashi yana kira dala ashirin, a allo sunansu ɗari, don haka kafin ya taɓa tambayar Mushe sai ya ninka da biyar a ɓoye.

A lise ake shiga babbar gona, wato disertasiyo. Ka kafa magana da hujja, ka juyo ka rushe ta da hujja, sannan ka zauna ka sasanta kanka da kanka. Wanda ya yi haka a fadar Sarkin Tasawa mai baki biyu ne, shaidarsa ma ba za a karɓa ba. A jarrabawar bak kuwa, sha huɗu bisa ashirin. Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransan nan da sojojinsu suka harbe a 1899, kaburburansu na Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa, amma nahawun Faransancin da ya biyo sawunsu ko mura bai taɓa yi ba.

Matsalar ita ce idan cutar disertasiyon nan ta kama yaro sosai ba ta tsayawa a takarda. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi ya zo hutu Mayahi, kuɗin mota yake so. Ya durƙusa, ya gyara murya:

"Baba, bisa la'akari da yanayin da ake ciki, kuma duba da cewa, ta wani ɓangaren..."

"Kai, nawa?"

"Zan zo kan wannan a kammalawa, Baba."

Inna na bakin murhu, ta ajiye muciya ta ce, "Malam, yaron nan a nema masa rubutu ya sha. Tun da ya zo bai yi magana ɗaya mai kai da gindi ba." Jaka biyar ce fa duk abin. Ƙanwarsa da ba ta wuce aji uku ba ta karɓi nata tun da safe da kalma huɗu.

Da Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki, ƴan lakwal da yawa sun ɗauka wahala ta ƙare. Da sun tambayi ƴan makarantun harshe biyu, irin waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973, da an gaya masu. Hausar littafi a kan Kananci aka gina ta. Ɗan Tasawa ya rubuta "munka tahi munka sha hura", jan bik ya bi layin yana gyara: muka, tafi, fura. Harshen da ya sha a nono, shi ma sai ya nemi izini daga Kano kafin ya hau takarda.

Mushen da ke gyaran kuwa ɗan Urafan ne, nan ƙasar Tasawa. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar, ya ɗaga kayen sama don aji duka ya gani, ya daka tsawa:

"Kai, wanga yaro! Mi ya hana ka rubuta 'me'?"