Ire-iren 'Yan Kallon Tseren Dodannin Keke

Tseren dodannin keke na gundumar Humboldt, a arewacin Kalifoniya, ya samo asali a 1969, lokacin da wani mai sassaƙa, Hobart Brown, ya yi wa keken ɗansa kwaskwarima a garin Ferndale. Yanzu duk ƙarshen watan Mayu ana kwana uku ana tuƙa kifaye da kaji da dodanni na ƙarfe da ƙarfin ƙafa zalla, daga Arcata zuwa Ferndale, ta kwalta da rairayi da taɓo da ruwa. 'Yan kallon da ke biyo hanya mai lamba 101 daga San Faransisko, tafiyar wajen awa biyar, sun kasu gida-gida.

Na farko shi ne mai jadawali, kuma galibi shi ke riƙe da sitiyari. Ya ƙayyade lokacin komai, har na kama ruwa. Yakan isa dandalin Arcata tun kafin jiniyar tsakar rana da ke buɗe tseren, sannan ya gano cewa kaza mai taya shida ba ta san agogo ba.

Sai injiniyan baka. Bai taɓa ɗaura sarƙar keke ba, amma zai tsaya bakin ruwa yana bayanin dalilin da zai sa kifin can ya nutse. In ya nutse, ai dama ya faɗa. In ya haye, ruwan ne bai cika ba.

Mai jiran faɗuwa ya fi su gaskiya. Yana shimfiɗa bargo a gindin tudun rairayin da ake kira Dead Man's Drop, ya buɗe guzurinsa, ya zuba ido. Masu shirya tseren sun san da zamansa: akwai kyauta ga wanda ya fara lalacewa, da wata ga wanda ya fi iya kifewa a ruwa, har da ta wanda ya ƙare a tsakiya daidai.

Akwai kuma mai shigar burtu. Da yake al'ada ce 'yan tsere su miƙa wa alƙalai toshiyar baki ta raha, yakan sa doguwar hula, ya ɗaure fuska, ya riƙe biro. Ba ya cewa shi alƙali ne. Ba ya kuma musantawa.

Ɗan rakiya kuwa yana kujerar baya. Ya yi barci ya wuce dogayen itatuwan Humboldt, ya sake wani a lokacin tsallake ruwa, ya farka a Ferndale ana tafi. A gida, daga bakinsa ake jin labarin tseren dalla-dalla.